Shara Ba a Bakin Bola Take Farawa Ba

Duk unguwar da shara ta dame ta, abin da ke fara zuwa wa mutane a rai shi ne a sa rana, kowa ya fito da tsintsiya da shebur da baro. A kwashe bola, a yashe kwata, a ɗauki hotuna, a watse. Ba na raina wannan aiki, domin mu ma'aikatan duba-gari mu ne kan gaba wajen kiran sa. Amma duk wanda ya koma wurin bayan mako biyu ya san abin da zai tarar: bolar ta dawo, wani lokaci har ta fi da. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. An kwashe abin da ya taru, amma ba a taɓa hannun da ke tarawa ba. Gidaje da shaguna da ofisoshin da suka haifi tulin jiya suna nan suna haifar na gobe.

Don haka idan za a yi gangamin wayar da kai a kan shara, tambayar farko ba ita ce "ina za mu kai ta?" ba. Tambayar ita ce me ya sa take da yawa haka, kuma mene ne a cikinta.

A rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2018, an ƙiyasta cewa mutanen duniya na fitar da shara tan biliyan 2.01 a shekara, kuma idan aka ci gaba a haka za ta kai tan biliyan 3.4 nan da 2050. Aƙalla kashi ɗaya cikin uku na wannan shara ba a kula da ita ta hanyar da ta dace. Ko dai a jibge ta a fili, ko a cinna mata wuta. Abin da ya fi jan hankalina a rahoton shi ne kashi 44 cikin 100 na sharar duniya ragowar abinci ne da ganyaye da makamantansu, wato abin da ke ruɓewa. Leda da roba, da kowa ke nunawa da yatsa, kashi 12 ne. Sun fi tsone ido ne saboda iska na yawo da su, kuma ba sa ruɓewa. Amma nauyin da ke karya baro, da warin da ke hana zama, da ruwan da ke tsiyaya daga bola, duk daga abinci suke.

Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abincin da ya iso hannun masu ci, kuma kashi 60 cikin 100 na wannan asara a cikin gidaje aka yi ta. Kada wani ya ce wannan halin masu kuɗi ne. Rahoton ya nuna cewa tazarar da ke tsakanin gidajen ƙasashe masu arziki da na masu matsakaicin hali kaɗan ce. A inda zafi ya yi yawa kuma babu wurin sanyaya abinci, abin da aka dafa da rana kan lalace kafin wayewar gari. Maganin farko a nan ba kwandon shara ba ne, awo ne. A dafa daidai bakunan da ke gidan. Abin da ke saurin lalacewa a saye shi kaɗan-kaɗan. Wanda aka fara saye shi za a fara ci. In an ga abinci zai yi saura, a ba mai bukata tun yana da kyau, ba sai ya fara tsami ba.

Abin da ya sa ma'aikacin lafiya ke tsoma baki a wannan magana shi ne duk abin da ya kwana a bola, a asibiti muke sake haɗuwa da shi. Ƙuda kan tashi daga ruɓaɓɓen abinci da kashin yara ya sauka a kan kwanon da za a ci, sai gudawa ta biyo baya. Ɓera kan sami abinci da maɓoya, shi kuwa fitsarinsa da kashinsa na ɗauke da cututtuka, ciki har da zazzaɓin Lassa a yankunan da cutar take. Tsohuwar taya da gwangwani da fasasshen bokiti kan tara ruwan sama, kuma irin wannan ɗan ruwa ne sauron da ke yaɗa zazzaɓin denge da na shawara ya fi so; cikin mako guda zuwa kwana goma ƙwansa ya zama sauro mai tashi. Leda kuma kan toshe magudanar ruwa. Mutanen Accra ba za su manta da ranar 3 ga Yunin 2015 ba, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobara a wani gidan mai, mutum fiye da 150 suka rasu, kuma toshewar magudanai na cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi.

Sai batun ƙonawa, wanda mutane da yawa ke yi da kyakkyawar niyya. Mutum ya share ƙofar gidansa, ya tara, ya sa ashana, a ganinsa ya yi tsafta. Sharar ba ta ɓace ba, ta koma iska ce, ta shiga ƙirjin jaririn da ke goye da tsohon da ke fama da tari. Idan akwai roba a ciki, hayaƙin kan fito da guba irin su dayoksin, waɗanda ke daɗewa a ƙasa da jikin dabbobi, kuma an tabbatar da alaƙarsu da cutar daji. Mai asma kuwa ba ya bukatar wani ya yi masa bayani.

To, me za a roƙi mutane su yi? A nan ne gangami da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle. Sai a bugo takarda mai ɗauke da umarni goma sha biyar, a raba, kowa ya karɓa, da yamma a tsinci takardun a cikin kwata. Ni a ganina abu ɗaya ya kamata a fara da shi, kuma a tsaya a kansa har ya zauna: a raba jiƙaƙƙiyar shara da busasshiya. Bokiti ɗaya mai murfi don ɓawo da ragowar abinci, buhu ɗaya don kwali da takarda da gwangwani da kwalba da gorar roba. Shi ke nan. Da zarar an yi haka, busasshiyar ta daina wari, ba ta kiran ƙuda, tana iya jira har mai saye ya zo. Kwalin da miya ta jiƙa ba wanda zai saya, amma busasshe kaya ne. Jiƙaƙƙiyar kuwa, wadda ita ce kusan rabin nauyin, ba sai ta bar unguwar ba.

Hanyar mayar da ita taki ba ta da wuya. A samu ɗan wuri mai inuwa, ko rami marar zurfi, ko tsohon duro da aka huda. A shimfiɗa busassun ganye ko yagaggen kwali, a zuba ɓawon kayan lambu da na 'ya'yan itace a kai, a sake rufewa da busasshen abu, a haka a haka. Nama da ƙashi da mai ba sa shiga, domin su ke jawo ɓera da wari. Danshin ya zama kamar na tsumman da aka matse: da laima, amma ba ya ɗiga. A riƙa juyawa duk mako ɗaya ko biyu don iska ta shiga. In ya yi wari, ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshen ganye. In ya zauna shiru babu ɗumi, ya bushe ne, a yayyafa ruwa. Cikin wata biyu zuwa uku zai zama baƙi mai laushi, mai ƙanshin ƙasa. Wannan abincin da a ce juji aka kai shi aka danne, babu iska, da iskar metan zai riƙa fitarwa, wadda ke ɗumama duniya kuma ita ce ke sa manyan jujai kamawa da wuta da kansu. Gidan da ba shi da fili sai ya haɗa kai da maƙwabta, ko a nemi mai lambu ko mai kiwo da zai riƙa karɓa.

Leda kuwa, maganinta a hannun mai saye yake tun kafin ya bar gida: jaka ko kwando, da mazubi mai murfi. Bangaladash ta haramta siraran ledoji a 2002 bayan an gano rawar da suke takawa wajen toshe magudanai, Ruwanda ta bi sahu a 2008, Kenya a 2017. Unguwa ba ta da ikon kafa doka irin wannan, amma tana iya zama da masu shaguna a yi yarjejeniya cewa za a daina saka kaya a leda sai an tambayi mai saye. Kada kuma a ruɗi mutane da cewa ai za a sake sarrafa robar. A duniya baki ɗaya, kusan kashi 9 cikin 100 ne kawai na sharar roba ake sake sarrafawa.

A wurin aiki lamarin ya fi sauƙi, domin mutum biyu ko uku ne ke riƙe da maƙogwaron sharar: mai sayo kaya, mai kula da sito, da mai shara. Idan mai sayo kaya ya daina kawo kofuna da cokulan da ake yarwa bayan amfani ɗaya, an gama da su, ba sai an yi wa kowa wa'azi ba. Idan aka saita na'urar buga takarda ta riƙa bugawa gaba da baya, takardar da ake ci za ta ragu sosai ba tare da wani ya canza hali ba. Sanarwar da za a iya turawa ta waya ba ta bukatar kwafi hamsin. Mai shara kuwa, wanda ba kasafai ake gayyatarsa taro ba, ya fi manaja sanin abin da ake zubarwa da sashen da ya fi ɓarna. A zaunar da shi a tambaye shi.

Mu ma a asibiti ba mu tsira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin 100 na sharar wuraren kiwon lafiya shara ce irin ta ko'ina, kashi 15 ne mai haɗari. Amma da zarar allura ɗaya ko audugar jini ta faɗa cikin kwandon takardu, duk kwandon ya zama mai haɗari. Haka abin yake a gida da ofis game da batir, da ƙwan fitila mai tsawo, da ragowar magani, da gwangwanin maganin ƙwari, da matacciyar waya. Waɗannan a ware su daban, nesa da yara, kada su shiga taki, kada su shiga wuta. Batirin mota da wasu batiran sola akwai dalma a cikinsu, ita kuwa dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, lalacewar da ba ta gyaruwa.

Yanzu ga masu shirya gangamin. Kafin a ɗauko lasifika, a ɗauko sikeli. A zaɓi gidaje kaɗan da wuraren aiki biyu ko uku, a roƙe su su ajiye sharar mako guda, a sa safar hannu da takunkumi, a baje ta a kan tamfol a gaban masu ita, a rarraba, a auna, a rubuta. Gani ya kori ji. Magidancin da ya ga yawan abincin da ya saya da guminsa kwance a tamfol ba ya bukatar dogon jawabi.

Sannan a kula da wanda ake yi wa magana. Sau da yawa masu halartar taro daban, masu taɓa shara daban. Wanda ke girki, da yaron da ake aika wa bola, da mai aikin gida, su ne za su raba ko su haɗa, kuma da wuya a gan su a kan kujerun taro. Dole a bi su gida-gida, a shiga makarantu, a tsaya a nuna da hannu. Kuma a guji kunyata mutane. Wanda aka kira ƙazami a bainar jama'a ba ya gyarawa, sai dai ya koma zubarwa da dare. Akwai kuma wani kuskure da ake yi a saƙo, wato yawan cewa "kowa na zubar da shara a titi". Binciken da masanin halayyar ɗan Adam Robert Cialdini da abokan aikinsa suka wallafa a 1990 ya nuna cewa mutane sun fi yar da shara a wurin da suka tarar da datti, sun fi kame hannu a wuri mai tsafta. Mutum na bin abin da ya ga ana yi. Gara a ce masa gidaje kaza a layinsa sun fara rabawa, in dai gaskiya ne.

Abin da ya fi kashe gangami shi ne a sa mutane su raba shara, sannan motar kwasa ta zo ta juye komai wuri ɗaya a kan idonsu. Daga ranar an rasa su, kuma dawo da su ya fi farawa wuya. Saboda haka tun kafin a buɗe baki a san inda kowane kashi zai tafi: wa zai karɓi na taki, wa zai sayi kwali da ƙarfe da roba, wace rana, ƙarfe nawa. Masu jari-bola sun riga kowa sanin wannan kasuwa. A birnin Pune na Indiya, tun 2008 hukumar birni ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar masu tsintar shara, suna bi ƙofa-ƙofa suna karɓa, magidanta na biyansu. Maimakon a riƙa korarsu, a san su da suna, a ba su safar hannu da takalma da ranar zuwa.

Wasu kan kawo misalin Kamikatsu, wani ƙaramin gari a Japan da ya ɗauki alƙawarin kawar da shara a 2003, inda mazauna suka kai ga rarraba ta gida 45, suna sake amfani da kusan kashi 80 cikin 100. Abin sha'awa ne, amma shekaru suka ɗauka kafin su kai nan, kuma duk wanda ya fara da gida 45 zai ƙare shi kaɗai. Biyu sun isa a shekarar farko.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 30 ga Maris a matsayin ranar yaƙi da shara ta duniya, an fara bikin ta a 2023, kuma rana ce mai kyau ta ƙaddamarwa ga mai neman rana. Amma ranar da za a rubuta da jan biro ita ce ta komawa, bayan wata uku, gidajen nan dai da ofisoshin nan, da sikelin nan. A sake aunawa, a manna sakamakon a inda kowa zai gani. Layin da nauyinsa ya ragu a faɗa a fili. Wanda bai ragu ba a koma a tambayi matan gidan da masu shara abin da ya hana, domin sau da yawa amsar ba ta wuce bokitin da ba shi da murfi, ko mai karɓa da ya daina zuwa.