Waiwaye: Wane ne ya cancanci kwangilar gwamnati? Yadda doka ta yi ta sauya amsa

Duk wanda ya taɓa karanta tallar neman 'yan kwangila a jarida ya san cewa bayanin aikin kansa layi biyu ne ko uku. Sauran shafin jerin takardu ne. In aikin na tarayya ne, za a nemi rajistar kamfani daga hukumar rajistar kamfanoni CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, takardar hukumar fansho PenCom, ta asusun horar da ma'aikata ITF, ta asusun inshorar ma'aikata NSITF, shaidar shiga kundin 'yan kwangila na hukumar kula da kwangilolin gwamnati BPP, da rantsuwar kotu. Matasan 'yan kasuwarmu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba a Legas da ke son tsallakawa daga kawo yashi da rodi zuwa neman aiki da sunan kamfaninsu sun ɗauka haka abin yake tun fil azal. Ba haka yake ba. Mafi yawan waɗannan sharuɗɗa ba su cika shekara ashirin da zama dole ba, kuma kowanne akwai ɓarnar da ta haife shi.

Kafin 2007 Najeriya ba ta da wata doka guda ta majalisa da ta tsara yadda ake ba da kwangila. Abin da ake da shi shi ne dokar kula da kuɗin gwamnati ta 1958, da littafin ƙa'idojin kashe kuɗi da Ma'aikatar Kuɗi ke sabuntawa in ta ga dama, sai kwamitocin ba da kwangila a ma'aikatu. Ɗan kwangila yakan yi rajista da Ma'aikatar Ayyuka a sa shi a wani aji gwargwadon girman aikin da ake ganin zai iya. Ƙa'ida ce ta ofis, wanda ya rubuta ta yana iya ɗage ta, kuma karya ta ba laifin zuwa kurkuku ba ne. Cancanta a wancan zamani tana nufin wa ka sani. Ko Manjo Nzeogwu, wanda ba a ambatonsa da alheri a Arewa kuma da dalili, a jawabinsa na Janairun 1966 ya ambaci masu karɓar kashi goma cikin ɗari a matsayin abokan gaba, abin da ke nuna cewa tun a Jamhuriya ta Farko al'adar ta riga ta sami suna.

Legas ce ta ga mafi munin sakamakon wannan sakaci da idonta. A tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ya yi ambaliya a zamanin Janar Gowon, hukumomin gwamnati suka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, Ma'aikatar Tsaro kaɗai ta nemi tan miliyan 16, alhali tashar Apapa ba ta da ƙarfin sauke ko kusa da haka. A 1975 jiragen ruwa sama da 400 suka yi cincirindo a bakin tekun Legas suna jiran layi, wasu na watanni, gwamnati na biyan kuɗin jira kullum, simintin kuma yana daskarewa a cikin wasu jiragen. Da yawa daga cikin waɗanda aka ba odar dillalai ne kawai da ba su taɓa harkar siminti ba. Ba wanda ya tambaye su me suka taɓa yi. Gwamnatin Janar Murtala ta kafa kwamitin bincike, an kori wasu jami'ai, amma tsarin ba da kwangilar ya ci gaba yadda yake har ƙarshen mulkin soja.

Da Obasanjo ya hau a 1999, gwamnatinsa ta nemi Bankin Duniya ya binciki yadda ake sayayya da ba da kwangila. Adadin da aka fi ɗauka daga wannan bincike, wanda jami'an gwamnati suka yi ta maimaitawa, shi ne cewa a kowace naira ɗaya da aka kashe, kwabo 60 na zurarewa ta bayan fage. Daga nan aka kafa ofishin bin ƙa'ida a fadar shugaban ƙasa a 2001, wanda Oby Ezekwesili ta yi suna da jagorancinsa. Ofishin ya rage kuɗin kwangiloli da dama da aka kumbura, sai dai ƙarfinsa bai wuce na umarnin shugaban ƙasa ba. In shugaban ya sauka, ofishin na iya bin sa.

Wannan giɓi ne dokar sayayya da kwangilolin gwamnati ta 2007 ta zo cikewa. Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya sa mata hannu ranar 4 ga Yuni, bai cika mako guda a kan mulki ba. Ita ta kafa hukumar BPP, kuma a sashe na 16 ne, karon farko, aka rubuta a doka irin mutumin da ya halatta a ba aikin jama'a. Dole ya kasance yana da ƙwarewar aikin, da ƙarfin aljihu, da kayan aiki, da isassun ma'aikata. Kada kamfanin ya kasance ya karye ko ana shirin rufe shi. Ya biya haraji da fansho da sauran haƙƙoƙin ma'aikata da doka ta ɗora masa. Kada a samu daraktansa ko ɗaya da wata kotu, a kowace ƙasa, ta taɓa kamawa da laifin zamba ko almundahana. Sannan ya haɗa da rantsuwa yana bayyana ko akwai wani jami'in ma'aikatar ko na BPP da ke da hannun jari ko wata moriya a kamfaninsa.

Akwai wani sauyi da mutane ba su cika lura da shi ba. Dokar ba ta ce a ba wanda ya fi kowa araha ba kawai. Ta ce a ba mafi araha daga cikin waɗanda tayinsu ya cika sharuɗɗa bayan an tantance. Ma'ana, sai an buɗe ambulan na farko, mai ɗauke da shaidar ƙwarewa, an ga ka tsallake kafin farashinka ya yi amfani. Wanda ya karya farashi don ya ci aikin ya karɓi kafin alƙalami ya ɓace, shi aka nufa da wannan. Shi ya sa kuma aka taƙaita kafin alƙalamin kansa ga kashi 15 cikin ɗari, aka ce sai da lamunin banki ko na kamfanin inshora, aka kuma wajabta jinginar kammala aiki da ba ta gaza kashi 10 ba.

Hukuncin ma ba na wasa ba ne, a takarda. Sashe na 58 ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ba zaɓin tara ga mutumin da ya karya dokar. Kamfani kuwa a hana shi kwangila na aƙalla shekara 5, ya biya tarar kashi 25 na darajar aikin, daraktocinsa su sha ɗaurin shekara 3 zuwa 5. Amma sashen da ya fi shafar halin ɗan kwangila, wato wanda ya ce ana iya cire wanda ya kasa cika wani aikin gwamnati a shekara uku da suka wuce, “ana iya” ya ce, bai ce “dole” ba. Rashin takardar PenCom yana fitar da kai nan take. Tarihin barin titi rabi-da-rabi kuwa sai in shugaban ma'aikatar ya so ya tuna.

Daga nan takardu suka yi ta ƙaruwa, domin kowace hukuma da ke fama da karɓar kuɗinta ta gane cewa ƙofar kwangila ce wurin da ya fi sauƙin tare mutum. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta kawo kashi 1 na albashi ga NSITF. Gyaran dokar ITF na 2011 ya ɗora wani kashi 1 a kan duk mai ma'aikata biyar ko cinikin naira miliyan 50 a shekara, ya kuma ce mai neman kwangila sai ya nuna ya biya. Dokar fansho ta 2014 ta ɗaga abin da mai kamfani ke zubawa zuwa kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Babu ɗaya daga cikinsu da manufarsa ba ta da kyau. Lebura da ya faɗo daga kan gada yana da haƙƙin diyya. Sai dai abin da takardun ke aunawa shi ne ko ka biya hukuma, ba ko ka iya zuba kwalta ba.

Dokar tarayya ba ta hau kan jihohi kai tsaye, sai inda aƙalla kashi 35 na kuɗin aikin ya fito daga aljihun tarayya. Don haka Legas ta yi tata a 2011 a zamanin Gwamna Fashola, ta kafa hukumarta ta kula da kwangiloli da ta fara aiki a shekarar da ta biyo baya, sannan Gwamna Sanwo-Olu ya sa hannu a kan sabuwa a 2021 da ta maye gurbin ta farko. Mai son aikin magudanar ruwa ko gyaran aji a jihar sai ya yi rajista da wannan hukuma, yana sabuntawa, kuma yanzu yawancin abin ta intanet ake yi. Ga Alhajin da ya yi rajistar kamfaninsa a Kano, yake biyan harajinsa na ƙashin kansa a can, amma kasuwancinsa duk a Legas yake, nan ne yakan fara cin karo, domin Alausa, mazaunin gwamnatin jihar, tana son ganin abin da daraktoci suka biya wa Legas.

Shekarun 2020 zuwa 2023 sun zo da sassauci da tsauri a tare. Dokar Kuɗi ta 2020 ta ninka kafin alƙalami zuwa kashi 30 ga 'yan kwangilar gida, ta rage wa'adin talla daga mako shida zuwa huɗu, ta kuma fayyace cewa Majalisar Tarayya da ɓangaren shari'a su ma dokar ta hau kansu. Sabuwar dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana duk wanda ke riƙe da kashi 5 ko fiye na kamfani, aka buɗe rajistar masu kamfani na haƙiƙa a 2023. Wannan, a ganina, ya fi rantsuwar kotu amfani nesa ba kusa ba, don rantsuwa maganar mutum ce a kan kansa, rajista kuwa ɗan jarida ma yana iya dubawa. A farkon 2023 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar sauƙaƙa kasuwanci da ta ɗaga mizanin ITF zuwa ma'aikata 25, abin da ya sauke wa ƙananan kamfanoni kaya.

To, a ƙasa yaya abin yake? Inda takarda ta zama mabuɗi, sai takarda ta zama haja. Kowa a harkar ya san hayar kamfani: mai cikakkun takardu ya ba da aron sunansa, a ci aikin, ya cire kasonsa, wani ya yi. Kowa ya san sayar da kwangila, inda aiki kan ratsa hannu biyu ko uku kafin ya isa ga mai katafila, kowane hannu ya yagi rabonsa, abin da ya rage shi ake zubawa a titi. Mutanenmu galibi a ƙarshen wannan layi suke. Su ne masu tifa da ke kawo yashi da tsakuwa bashi, su ne masu haƙa lambatu, su ne masu gadin kayan aiki da dare. In babban ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya hana su nasu, babu layi ko ɗaya a sharuɗɗan cancanta na sashe na 16 da zai tambaye shi wannan ranar da ya dawo neman wani aikin. Zai nuna bai da bashin hukuma, a buga masa hatimi. Bashin Malam mai tifa kuwa sai dai a kai ƙara wurin Sarkin Hausawan unguwa ko shugabannin ƙungiya, su yi ta kiran waya.

A can sama kuma, inda kuɗin yake da nauyi, ƙofar ta kan zama wata daban. A 2009 aka miƙa hanyar Legas zuwa Ibadan ga kamfanin Bi-Courtney bisa yarjejeniyar ya gina ya karɓi kuɗin bin hanya daga masu motoci. Shekara uku aikin bai yi wani nisa ba, matafiya na ta mutuwa a hanyar, har gwamnatin Jonathan ta soke yarjejeniyar a Nuwamban 2012 ta ba kamfanonin Julius Berger da RCC a shekarar da ta biyo. Daga baya kuma hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kimanin kilomita 700, wadda sashenta na farko daga Victoria Island ya haura naira tiriliyan ɗaya, an ba kamfanin Hitech ba tare da buɗaɗɗiyar gasa ba. Ministan Ayyuka David Umahi ya kare matakin da cewa kamfanin ya nuna ƙwarewa wajen aikin kankare da na bakin teku, 'yan adawa irin su Atiku Abubakar suka ce kusanci da fadar shugaban ƙasa ne. Dokar 2007 kanta ta halatta taƙaita gasa in ƙwararrun kaɗan ne, don haka gardamar ba ta ko ƙofar tana nan ba ce, ta wa ke riƙe da makullinta ce. Majalisar ƙoli ta kula da kwangiloli da dokar ta ce a kafa, mai wakilan injiniyoyi da lauyoyi da 'yan jarida da ƙungiyoyin farar hula, ta shafe fiye da shekara goma ba a rantsar da ita ba, Majalisar Zartaswa ta ci gaba da amincewa da manyan kwangiloli a zamanta na mako-mako.

Ita gwamnatin ma dokar ta ɗora mata nata sharaɗin. Duk kuɗin da ya wuce kwana 60 ba a biya ba bayan an miƙa takardar aikin da aka yi, jinkiri ne, kuma akwai ƙarin da ya kamata ya hau kansa. A 2011 kwamitin da Shugaba Jonathan ya kafa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ƙirga ayyukan tarayya 11,886 da aka yi watsi da su ko ba a kammala ba, waɗanda ke buƙatar naira tiriliyan 7.78, kuma rashin sakin kuɗi yana cikin manyan dalilan. A 2025, shekarar da gwamnatin Tinubu ta sanar da manufar fifita kamfanonin gida a sayayyar gwamnati, 'yan kwangilar gida sun yi ta zanga-zanga a Abuja suna neman kuɗin ayyukan da suka gama tun a kasafin 2024. Wanda gwamnati ta riƙe wa kuɗi shekara guda, ya kasa zuba fansho, PenCom ba za ta sabunta masa takarda ba, kuma a talla ta gaba sunansa ba zai wuce ambulan na farko ba.