Ma'anar "bilicin", kalmar da babu mai amsa ta

Duk garinmu babu mace ko ɗaya da take bilicin. Tambayi wadda ka ga dama. Wata za ta ce maka man gyaran jiki kawai take shafawa, wata ta ce zaman ɗaka ne ya karɓe ta, wata kuma ta rantse maka ita dama can fara ce, rana da surfe ne suka dafar da ita, yanzu kalarta ta haihuwa ce take dawowa. Amma shiga kasuwar Gujungu ranar Lahadi ka bi ta wajen 'yan koli. Za ka tarar da tebur shaƙe da kwalabe da robobi da ƙananan kwalaye masu hoton farar mace tana murmushi, kuma kafin la'asar an kwashe rabinsu. Aljanu dai ba sa shafa mai.

Kalmar aro ce daga Turanci. A can, asalinta kashe launin abu ne, irin aikin da ruwan Hypo ke yi wa farar riga idan ta dafe. Da ta shigo bakin Bahaushe sai ta sauka daga kan yadi ta hau kan fata. Bilicin shi ne mutum ya shafa wani abu, ko ya sha, ko a yi masa allurarsa, domin fatarsa ta bar launin da aka haife ta da shi ta yi fari. Ana cewa "ta yi bilicin", ana cewa "man bilicin", ana kuma cewa "'yar bilicin", wannan na ƙarshe kuwa zagi ne, sai faɗa ya yi faɗa ake jifan mutum da shi. Kalma ce ta bayan ido. Mai sayarwa ma ba ya furta ta. A bakinsa sunan kayan "mai sa haske", ko "haɗi", ko "oganik" idan yana son ya tsuga kuɗi. Mai saye kuma cewa take, "Ba ni wanda zai ɗan goge ni." Wannan "ɗan" ɗin yana ɗaukar kaya da yawa.

Kada a haɗa shi da gyaran jikin amare. Dilka da halawa da kurkum da lalle aikinsu a saman fata yake: su kankare dattin da ya kwanta, su cire gashi, su sa jiki ya yi santsi da ƙamshi. Amarya ta fito tana sheƙi, bayan sati biyu ta koma yadda take. Bilicin kuwa can ƙasa yake sauka, inda ake ƙera launin. Sai dai yanzu iyakar ta fara shafewa, domin akwai masu gyaran jikin da ke matsa man tub cikin dilka ba su gaya wa uwar amarya ba, don a ce hannunsu na da kyau.

A cikin fatar kowane ɗan Adam akwai ƙwayoyin halitta da ke samar da wani launi mai suna melanin. Yawansa ne ya sa wani baƙi, wani wankan tarwaɗa, wani fari, kuma shi ne rumfar da ke tare wa fata zafin hasken rana. Abin da man bilicin ke yi shi ne ya danne aikin waɗannan ƙwayoyi. Ba ya kashe gadon da mutum ya zo da shi, shi ya sa ba a gama bilicin. Fata tana sabunta kanta kusan duk wata guda, ranar da aka ajiye mai ƙwayoyin su koma bakin aiki, sau da yawa ma da huce haushi. Wadda ta fara da roba ɗaya don biki sai ta wayi gari tana sayar da ƙwan zabbinta duk kasuwa don kada a ga ta koma.

Sinadarai uku ne suka fi yawa a cikin kayan. Akwai haidirokwinon, wanda likitocin fata ke rubuta wa mai tabo na ɗan lokaci, amma idan aka daɗe ana shafa shi sai ya juya ya haifar da baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu, irin wanda ke wuyar fita. Akwai magungunan tub masu sitiroyid, waɗanda asalinsu na ƙaiƙayi da kumburin fata ne. Su ne ke sirantar da fata har jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa ta tsaga cinya da damtse, ƙuraje da makero su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa. Idan aka daɗe ana mulka su a jiki duka suna ratsawa cikin jini su jawo hawan jini da ciwon suga. Na ukun zaiba ce, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, ta kuma bi ta mahaifa da ruwan nono ta isa ga jariri. Duk wannan ga macen da ke shanya gero a tsakar gida, ta je rijiya da rana tsaka, ta tsaya gaban murhu. An cire mata rumfa an bar ta a rana ta Jigawa.

Masu cewa fim ne ya kawo mana son farar fata sun manta da kirarin "farar mace alkyabbar mata", wanda ya girmi bidiyo nesa ba kusa ba. Sun manta yadda tsofaffi ke leƙa kunnen jariri ranar da aka haife shi don su gane kalar da zai tsaya a kai. Son yana nan tun da. Abin da fim ya yi shi ne ya canza ma'auni. A da farar mace ɗaya ce cikin matan gari, ko Bafillatanar da ke kawo nono, ana ganinta da guminta da kaushinta, an san ita ma rana na dukanta. Baƙa mai dogon wuya da fararen haƙora da wushirya ita ma ana yi mata kirari a dandali. Kyau kashi-kashi ne, kowace da nata rabon.

Fina-finan Indiya sun fara zama gari a Kano tun zamanin da 'yan kasuwa Kwarori ke tafiyar da gidajen sinima, daga baya talabijin ta shigar da su cikin gidaje. A cikinsu jaruma kusan kullum fara ce sol, ko da yake Indiya cike take da mutanen da suka fi mu duhu. Su ma ciwon na damunsu: sai a 2020 kamfanin da ke yin man nan Fair & Lovely ya sauya masa suna zuwa Glow & Lovely saboda surutun jama'a. Da fim ɗin Hausa na bidiyo ya fara a Kano a 1990, ya ɗauki rawa da waƙa da soyayya daga Indiya, ya haɗo har da idon da ake zaɓen jaruma da shi. Ba na cewa babu baƙaƙen jarumai, akwai su kuma sun yi suna. Amma ka lura da rabon matsayi: wace ce 'yar mai kuɗin da ake kishi a kanta, wace ce 'yar aiki, wace ce baƙauyar da ake yi wa dariya kafin ta waye? Kuma idan ta waye a rabin fim, me ke fara canzawa a jikinta?

Yau ba sai an je gidan kallo ba. Yarinya ta ba ƙaninta waya ya kai shagon caji, a tura mata fassarar Indiya da fim mai dogon zango a memori, ta kwana tana kallo a ƙarƙashin gidan sauro. Fuskar da take gani kusa da hancinta, ta fi ganin fuskar maƙwabciyarta.

Ɗan wani yayana yana bin 'yan fim a Kano, aikinsa riƙe faifan nan mai ƙyalli da ke mayar da haske kan fuska. Da ya zo hutun Sallah ya nuna mini hotuna biyu a wayarsa. Na farko wata yarinya ce zaune a kan kujerar roba tana cin gurasa, wankan tarwaɗa, da 'yan ƙuraje a goshi, kamar kowace 'yar unguwa. Na biyu ita ce dai, a wuni guda, amma daga cikin fim: fuska kamar an ɓare dafaffen ƙwai. Na ce, "Kai, wannan mai take shafawa?" Ya yi dariya ya ce, "Gwaggo, ba mai ba ne, mu ne." Ya lissafa mini: mai kwalliya ta yi kusan awa guda tana ɗora mata fandeshan da hoda, an kafa fitilu biyu, shi yana durƙushe yana cilla mata haske daga ƙasa don ya kashe inuwar ido, sannan edita ya zauna gaban kwamfuta ya ƙara haske ya goge abin da ya saura. Na fosta kuma, in ji shi, ko mahaifiyarta sai ta duba sau biyu.

Ya ƙara da wata magana da ta tsaya mini. Baƙar fata ta fi shan haske, ɗaukarta da kyau na buƙatar wanda ya iya jera fitila da kuma lokaci. Mai fim da ke son gama fitowa goma kafin magariba, farar fuska ta fi masa sauƙi. Matsalar ma ta girmi Kano. Shekaru da dama kamfanin Kodak na Amurka yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi, wato tun daga na'ura an ɗauka fatar Bature ce ma'auni. Yanzu kuma filta ta shigo wayar kowa, danna ɗaya ta yi aikin mai kwalliya da edita.

To farin fatar da ake gani a fim kenan: ana kunna shi, ana kashe shi, jaruma ta wanke fuska ta tafi gida. Wadda ke kallo a ƙauye ba ta da fitila ba ta da edita, da fatarta take biya.

Hukuma ba ta yi shiru ba. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya na amfani da kayan sauya launin fata, kuma a 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Ruwanda da Kwaddibuwa sun haramta irin waɗannan mayuka. Sai dai doka tana bin abin da ke da suna a kwali ne, shi kuwa "haɗi" a robar da ba rubutu yake zuwa, mai haɗawa ta zuba tub uku da mai biyu ta juya da cokali. Wa za a kama, cokalin?

Kuma a daina ɗora wa mata laifin su kaɗai. Saurayin da ke cewa shi fara yake so ko mayya ce, da uwar da ke cewa ɗanta ya kawo mata mai haske ta wanke musu dangi, su ne kasuwar. Samarin ma sun shiga, ka ga ɗan acaɓa fuska jajir, wuya baƙi ƙirin. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu shafa wa jarirai.

Bara aka sa ranar 'yar ƙanwata. Wata uku kafin biki ta zo gaishe ni, ta miƙo mini kwanon fura, sai na ga hannun: bayansa ya yi fari, gaɓoɓin yatsu kuwa baƙi kamar ta dafa gawayi. Gaɓa da gwiwa da idon sawu ba sa ɓoye sirri, fatar wurin ta fi kauri. Na riƙe hannun ban ce komai ba.

"Gwaggo, ba bilicin ba ne fa," in ji ta, tun kafin in buɗe baki. "Na gyaran jiki ne."

"Wa ya ce miki jikin ya lalace?"

Ta sunkuyar da kai. Daga baya ta gaya mini ƙanwar angon ce ta nuna mata hoton wata jaruma ta ce irin wannan yayansu ke so. Muka je asibiti, ma'aikaciyar ta duba kwalin ta ce mai sitiroyid ne, kada a yanke shi rana ɗaya don fata na iya yin bore da ƙuraje da zafi, ta tsara mata yadda za ta janye a hankali. Ta sha kuka, domin akwai makonnin da fuskar ta fi ta da duhu, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Zuwa biki dai kalarta ta daidaita, aka yi mata dilka da lalle, ta fito baƙarta mai sheƙi irin ta uwarta.

Washegarin ɗaurin aure aka raba kalandar biki da aka bugo a Kano. Mai hoton ya yi nasa aikin ba wanda ya sa shi. Iya, kakar amarya, ta karɓi tata, ta matso da ita kusa da ido, ta nisanta, ta sake matsowa. Ta gane angon nan take. Sai ta ɗora yatsa a kan farar yarinyar da ke tsaye kusa da shi ta juyo gare ni.

"Ke, wannan kuma 'yar gidan wa ce?"