Kula da halitta a koyarwar Kirista

Kula da halitta koyarwa ce a addinin Kirista da ke ɗaukar duniya da abin da ke cikinta a matsayin amanar Allah a hannun ɗan Adam. Tushenta tsoho ne, amma sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 majami'u suka ba ta muhimmanci, kuma a yau an fi ambatonta a muhawarar sauyin yanayi.

Tushe a Nassi

Ayoyi biyu na Littafin Farawa ne ake yawan kafa hujja da su. A sura 1 aya 28 an ba mutum iko a kan kifaye da tsuntsaye da dabbobi. A sura 2 aya 15 kuwa an sa shi a gonar Adnin domin ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Malaman wannan koyarwa suna fassara ayar farko da ta biyu, wato iko irin na wakili wanda mai gona zai tuhuma. Sukan ƙara da Zabura 24, wadda ta ce duniya ta Ubangiji ce, da dokar Littafin Firistoci sura 25 ta a bar gona ta huta kowace shekara ta bakwai.

Tarihi

Sunan da ya fi fitowa a tsakiyar zamani shi ne Faransis na Asisi, waliyyin Katolika ɗan Italiya da aka haifa a 1181 ko 1182, ya rasu a 1226. Gab da ƙarshen rayuwarsa, wajen 1224 zuwa 1225, idonsa ya kusa mutuwa, ya tsara waƙar yabo inda ya kira rana ɗan'uwa, wata da ruwa 'yan'uwa mata, ƙasa kuma uwa.

Muhawarar zamani ta taso ne daga suka. A 1967 masanin tarihi Ba'amurke Lynn White ya wallafa maƙala a mujallar Science yana ɗora wa Kiristancin Yamma babban kaso na laifin lalacewar muhalli, saboda ya fifita mutum a kan sauran halittu. Shi da kansa ya ba da shawarar a koma ga misalin Faransis. Shekara 12 bayan haka, a 1979, Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana Faransis majiɓincin masu kare muhalli.

Majalisar Majami'un Duniya ta sa mutuncin halitta cikin ayyukanta a taronta na Vancouver a 1983. A ɓangaren Otodoks, shugaban cocin Kustantiniya Dimitrios na Ɗaya ya keɓe 1 ga Satumba ranar addu'a domin muhalli a 1989. Magajinsa Bartholomew ya ce a 1997 cutar da halitta zunubi ne. Daga nan aka samu Lokacin Halitta, wato makonnin addu'a domin muhalli a kowace shekara, daga 1 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoba, ranar tunawa da Faransis.

A Habasha, dubban majami'un Otodoks sun daɗe suna riƙe da kurmi a kewayensu, a yankunan da aka sare dazuzzuka domin noma.

Sassaben zamani a Maraɗi

Misali mafi kusa da ƙasar Hausa ya faru a Nijar. Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostareliya, ya zo jihar Maraɗi a farkon shekarun 1980 ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta Kirista mai suna SIM. Aikinsa dashen itatuwa ne, sai dai akasarin dashen yakan mutu saboda fari da awaki da gara. A yadda ya ba da labari, wata rana a 1983 ya tsaya rage iskar taya don ya ratsa yashi, sai ya duba wani ɗan tsiro a bakin hanya, ya ga ashe toho ne daga kututturen tsohuwar bishiya wadda saiwarta ke raye a ƙasa.

Dabarar da ya samo daga nan, wato sassaben zamani, ba ta da tsada. Lokacin sharar gona, maimakon manomi ya sassabe komai ya ƙone, sai ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kan kututturen sabara ko kalgo, ya datse sauran, ya bar su su girma. Haka ma yakan kare 'ya'yan gawo, bishiyar da ke zubar da ganye da damina, don haka ba ta shaƙe gero da inuwa. A yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon abinci. Da rabon ya ƙare manoma da yawa suka sare itatuwan, amma waɗanda suka bari sun ga itacen girki da harawa da sauƙin iska a kan shuka, maƙwabta kuma suka kwaikwaya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun farfaɗo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Galibin manoman Musulmi ne, kuma ana danganta nasarar har da sassaucin dokar gandun daji da ta bar manomi ya amfana da itacen gonarsa. An ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, shekara ɗaya da manomin Burkina Faso Yacouba Sawadogo.

Sauyin yanayi

Fafaroma Francis ya fitar da wasiƙar Laudato si' a Yunin 2015, watanni kafin yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi. Sunan daga waƙar Faransis na Asisi ne. Wasiƙar ta amince cewa ayyukan mutane ne babban sanadin ɗumamar duniya, ta kuma ce talakawa ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa. Ya biyo ta da Laudate Deum ranar 4 ga Oktoba 2023, kafin taron yanayi na Dubai.

Saɓani

Kan Kiristoci bai haɗu ba. A Amurka wasu shugabannin Ibanjelika sun sa hannu a kiran ɗaukar mataki a 2006, yayin da ƙungiyar Cornwall Alliance ke cewa an zuzuta haɗarin, kuma tsadar makamashi da matakan za su jawo za ta fi cutar da matalauta.