Baƙon da ke bara a ƙasar wasu: tambayoyi da amsoshi

A ƙofar Masallacin Ƙasa da ke Abuja bayan an taso daga Juma'a, ko a tashar Jabi da ta Utako, ba ka rasa wanda zai tare ka ya ce shi baƙo ne, guzuri ya ƙare, a taimaka masa da kuɗin mota. Wani gaskiya yake faɗa, wani kuwa sana'arsa ke nan.

Su wane ne waɗannan baƙin?

Ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai wanda tafiya ta yanke wa da gaske: an yanke masa aljihu, ko dillalin da ya yi masa alkawarin aiki ya kashe waya. Akwai wanda tun daga gida da niyyar bara ya fito. Akwai kuma mata da ƙananan yara da wani ya kwaso ya baza a bakin danja, da yamma ya bi ya karɓe abin da suka tara. Wannan safarar mutane ce, aikin NAPTIP ne, hukumar da ke yaƙi da ita.

Abin bai tsaya kan talakawa ba. A Bankok ta ƙasar Tailan da tsibirin Bali na Indonesiya ana ganin samarin Turawa 'yan yawon buɗe ido zaune a gefen titi da kwali a gabansu, sun rubuta a taimaka musu su zaga duniya, wani na kaɗa jita, wani na sayar da hotunan da ya ɗauka. Mai tallan abincin da ke gefensu bai taɓa shiga jirgi ba, kuma shi ake roƙo. A 2019 jami'an shige da fice na Bali suka ce duk wanda suka kama za su miƙa shi ofishin jakadancin ƙasarsa, su ji da nasu.

Me doka ta ce a nan Abuja?

Yarjejeniyar ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shigowa ba biza, ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardun tafiya. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice a Janairun 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu har sai an sanar da wani tsari. Izinin ziyara dai ba izinin aiki ba ne, balle na bara. Hukumar birnin kan yi samame ta kwashe mabarata, kuma tun da Ministan Abuja Nyesom Wike ya shelanta yaƙi da bara a Oktoban 2024 abin ya ƙara zafi. Baƙon da aka kama ba takardu, Hukumar Shige da Fice na iya tasa ƙeyarsa gida.

Namu da ke zuwa Umara su ɓige da bara fa?

Nan ne hukunci ya fi tsauri. Dokar hana bara da Saudiyya ta kafa a 2021 ta tanadi ɗaurin da zai kai wata 6, ko tarar da za ta kai riyal 50,000, ko duka biyun. Wanda ke tara mabarata yana juya su, nasa ya kai shekara 1, ko riyal 100,000, ko duka biyun. Baƙo in ya gama zaman kaso sai a mayar da shi ƙasarsu. A Daular Larabawa ɗaurin wata 3 ne da tarar dirhami 5,000, kuma da azumi 'yan sanda suka fi sa ido. Illar ba ta tsaya kan mai laifin ba: duk lokacin da aka kama wasu, masu neman biza da irin fasfonsu su ke shan ƙarin tambayoyi.

In mutum ya maƙale da gaske, ina zai dosa?

In sata aka yi masa, ya fara da ofishin 'yan sanda mafi kusa ya karɓi rahoto a rubuce, don shi za a fara tambaya in fasfo ya ɓace. Daga nan sai sashen kula da 'yan ƙasa na ofishin jakadancinsu. A Abuja yawancinsu suna Maitama, Asokoro da tsakiyar birni. Ya riƙe hotunan fasfo da duk wata shaida, ko da hoton shafin fasfon ne a waya. Za su ba shi takardar tafiya ta gaggawa, wadda galibi ta komawa gida ce kawai. Kuskuren da aka fi yi shi ne jinkiri. Mutum ya ji kunya ko tsoro ya yi ta ɓoyo har kwanakin bizarsa su ƙare, sai matsalar kuɗi ta koma matsalar zama ba izini, tara ta hau kansa.

Ofishin jakadancin zai saya masa tikiti?

Da wuya. Abin da suka fi yi shi ne su kira masa dangi su turo kuɗi. Amurka kan ba ɗan ƙasarta rancen komawa gida, amma ta taƙaita fasfonsa har ya biya. Baƙin haure da suka maƙale a Libiya ko Agadas, hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IOM, ce ta fi ɗaukar nauyin dawo da masu son dawowa.

Ya halatta a ba shi zakka?

Ibnus-sabil, wato matafiyin da guzuri ya yanke wa, yana cikin mutum 8 da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa. Malaman Malikiyya sun sa sharaɗi: ya kasance yana cikin buƙata a inda yake, tafiyar ba ta saɓo ba ce, kuma in mai hali ne a garinsu, ya rasa mai ba shi rance. Abin da zai kai shi gida ake ba shi, ba na ƙarin yawo ba.

Ta yaya zan taimaka ba a damfare ni ba?

Kada ka damƙa kuɗi a hannu. Ka ce, "Malam, mu je tashar," ka biya wurin ɗan kamasho, a rubuta sunansa a takardar fasinjoji, ka saya masa abinci da ruwa. Mai gaskiya murna zai yi. Ɗan sana'a nan take zai ce motar garinsu ba a nan take lodi ba, ko kayansa na wani wuri. Ka ba shi wayarka ya kira ɗan uwansa a gabanka, ka tambaye shi ta wace iyaka ya shigo, Illela, Jibiya ko Maigatari. In yaro ne ko mace mai goyo, kuma ka lura wani na tsaye daga nesa yana lura da su, kada ka tsaya gardama da shi, ka kai rahoto ga NAPTIP ko 'yan sanda.