Ma'anar enzaim, da abin da tsufa ke yi masa

Enzaim sinadari ne da jiki ke haɗawa da kansa domin ya gaggauta ayyukan da, in babu shi, sai su shekara ba su kammala ba. Kusan dukkansu furotin ne, kuma Ba'amurken nan James Sumner ne ya fara nuna haka a 1926. Kowanne da aikinsa, ba ya shiga hurumin wani. Ɗauki lomar tuwon shinkafa ba miya, ka daɗe kana tauna, can za ka ji ɗan zaƙi-zaƙi. Amiles ne na cikin miyau ya fara farfasa sitaci yana mayar da shi suga. A tumbi akwai pepsin mai narkar da nama, a hanta kuma akwai masu sarrafa magani.

Shi furotin, sarƙa ce ta ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid, wadda dole ta naɗe ta ɗauki siffa takamaimai kafin ta yi aiki. Da siffar ta karkace, aiki ya tsaya. Kullum wasu na karkacewa, ko a jikin yaro. Bambancin shi ne jikin yaro yana saurin rushe lalatattun ya gina sababbi. Yoshinori Ohsumi na Japan ya sami kyautar Nobel a 2016 kan gano yadda ƙwayar halitta ke cinye kayanta da suka tsufa. Jiki kamar gidan ƙasa ne: muddin ana yi masa yaɓe kafin damina, yana nan tsaye, in aka fara tsallake shekara, tsaga ta fara. Da girma ya zo, gyaran nan ke ja baya, lalatattun furotin su riƙa taruwa.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne ido. Madubin cikin ido an gina shi da furotin mai suna kristalin, kuma wanda ke tsakiyarsa ba a taɓa sauya shi, da shi aka haifi mutum. Shekara sittin, saba'in yana shan hasken rana, musamman ga manomin fadama da masuncin Yawuri ko Argungu da ke wuni bisa ruwa. A hankali ya dunƙule, ya yi hazo. Wannan ita ce yanar ido. Inna ta kasa zura zare a allura, daga baya sai da murya take gane jikokinta. Ba jifa ba ne, kuma tozali ba ya wanke ta, amma aikin asibiti na ɗan lokaci kan maido da gani.

Suga ma yana da hannu. Yakan manne wa furotin, kamar kolajin da ke riƙe fata da jijiyoyin jini, ya sandarar da shi. Gwajin HbA1c da ake yi wa masu ciwon suga wannan mannewar yake aunawa a jini, ya nuna halin kusan wata 3 da suka wuce. Shi ya sa sugan da ba a kula da shi ba ke tsufar da jiki tun lokaci bai yi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne magani. Hantar tsoho da ƙodarsa ba su da sauri irin na da, don haka ƙwayar da saurayi zai sha ta fita, a jikin Baba takan daɗe. Sai ka ga an sayo masa maganin ciwon gwiwa ko na barci a kemis, an ba shi daidai da na ɗansa, gobe ya tashi da jiri ko ruɗewa, a ce ai tsufa ne. Don Allah a kai shi ga likita, a tafi da duk abin da yake sha.

Sai kwanon abinci. Tun daga shekara 30 tsoka ke raguwa, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, kuma jikin tsoho ba ya saurin mayar da abinci tsoka. Ke nan buƙatarsa ta furotin ƙaruwa take yi. Mu kuwa da haƙora sun zube sai mu bar shi da koko da kunu safe da yamma. Ga kifi mai laushi, ga wake da alale, ga ƙwai da nono, ga ƙuli-ƙuli a daka a barbaɗa. A haɗa da ɗan tattaki, ko zuwa masallaci ne da ƙafa, domin motsi ne ke sa tsoka ta karɓi abin da aka ci. Mai ciwon ƙoda dai likita ne zai ƙayyade masa.

Garin enzaim da ake talla a WhatsApp da sunan maganin tsufa kuwa, shi ma furotin ne. Aikinsa, in yana da shi, a hanji yake ƙarewa. Ba ya isa ido, ba ya isa gwiwa.