Kulle mai shaye-shaye a ɗaki ba ya raba shi da ƙwaya

An daɗe ana cewa in aka kulle mai shaye-shaye har ƙwayar ta fita daga jininsa, ya warke. Iyaye da yawa tsananin damuwa ke sa su yin haka.

Sai dai jikin da ya saba da giya ko diazepam (maganin sa barci da kwantar da hankali), in aka yanke masa lokaci guda, yana iya kamuwa da farfaɗiya, wani lokaci har rasa rai. Shi ya sa likita ke rage diazepam kaɗan-kaɗan cikin makonni. Mai shan tramadol ko kodin kuwa, bayan hutu jikinsa ba ya jure adadin da ya saba sha. In ya koma shan wannan adadin, numfashinsa na iya tsayawa.

Ku duba takardar cikin kwalin maganin, ko ku tambayi likita. Don Allah a tura wa 'yan uwa.