Bayan Ficewar Nijar Daga ECOWAS, Wace Doka Ke Raka Kayan Kano Zuwa Maraɗi?

Wanda ya saba shiga kasuwar Dawanau a Kano ya san motocin da ke lodi zuwa Maraɗi da Damagaram, ya kuma san buhunan waken da ke sauka daga can. Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS, tambayar da ke bakin 'yan kasuwa ɗaya ce: da wace doka ake tsallake Jibiya da Maigatari yanzu?

A da, ƙa'idoji biyu ne suka riƙe harkar. Ta farko yarjejeniyar zirga-zirga ce ta 1979, wadda ta ba ɗan ƙasar ECOWAS damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ya yi kwana 90 ba biza. Ta biyu ita ce tsarin da ake kira ETLS, wanda ya ɗauke kuɗin fito daga kayan da aka samar a cikin yankin. Amfanin gona da dabbobi da aikin hannu, irin takalmin da dukawan Kano ke ɗinkawa, suna wucewa kai tsaye. Bokitin robar da aka ƙera a Sharaɗa kuwa sai masana'antar ta yi rajista, an ba kayan takardar shaidar asali. Atamfar Sin da ke Kantin Kwari ba ta cikin wannan rangwame ko a da, domin ba a yankin aka saƙa ta ba.

Sashe na 91 na yarjejeniyar ECOWAS ta 1993 ya ce mai son fita ya ba da sanarwar shekara guda. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar ranar 28 ga Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A wannan rana, ECOWAS ta buƙaci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga 'yan ƙasashen uku, a bar su su shiga ba biza, kayansu kuma su ci gaba da cin moriyar ETLS, har sai an ba da wata sanarwa.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi nake so ɗan kasuwa ya riƙe. Abin da yake haƙƙi a rubuce ya koma alfarma, kuma ana iya janye ta da takarda guda. Sanarwar ma ƙasashen ECOWAS kaɗai ta shafa. Ba ta ɗaure Yamai ba.

Yamai kuwa ta nuna haka. A Oktoban 2024 ta hana fitar da hatsi zuwa ko'ina sai Mali da Burkina Faso. A Maris na 2025 ƙawancen AES, wato na Nijar da Mali da Burkina Faso, ya sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shigowa daga wajensa, wato naira dubu 50 a kan kayan miliyan 10, ban da sauran kuɗaɗen kwastan. Gab da babbar sallar 2025 kuma Nijar ta hana fitar da dabbobi, daidai lokacin da dillalan raguna ke jiran kaya daga can.

Wani zai ce, ai Nijeriya ce babba, me zai hana ta tilasta? A lissafi gaskiya ne. Mutanenmu sun haura miliyan 200, na Nijar ba su kai miliyan 30 ba. Tattalin arzikinmu ya ninka nasu fiye da sau goma. Muna da teku, su ba su da shi. Sojojinmu sun ninka nasu yawa, ga jiragen yaƙi ga rundunar ruwa. Kafin rikicin, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar lantarkinsu daga nan take zuwa.

An gwada wannan ƙarfi. Bayan Janar Abdourahamane Tchiani ya kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, an rufe iyaka, an yanke wuta, an yi barazanar tura soja. Tchiani bai gusa ba. Sanatocin Arewa suka ƙi amincewa da yaƙi, Muhammadu Sanusi na II da tawagar malamai suka tafi Yamai neman sulhu, domin iyakar mai tsawon kusan kilomita 1,500 ta ratsa ne tsakanin dangi, mai 'ya a Zinder da suruki a Fagge. Talakan Nijar ya sha tsadar abinci da duhu, ɗan Kwari ya rasa abokin ciniki, direban Jibiya ya ajiye mota. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, a Maris Nijeriya ta buɗe iyaka, ba tare da Bazoum ya koma kujerarsa ba. A Maris na 2025 Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi mai yaƙi da Boko Haram, abin da ya fi damuna, tunda ɗan bindiga ba ya tsayawa a shingen kwastan.

Mai ɗaukar kaya yanzu ya riƙe fasfonsa ko katin shaidarsa, ya riƙe rasit da takardar asali idan kayan masana'anta ne, kuma kafin ya ba da kuɗin hatsi ko dabba a can ya tabbatar an halatta fitar da su a wannan makon.

A ganina gyaran yana hannun Abuja da Yamai su biyu. Suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai hedkwata a Yamai, wadda ta girmi ECOWAS da shekara huɗu. Ta nan ya kamata a rubuta yarjejeniyar ciniki da ba ta rataya ga sanarwar wucin gadi ba, tun kafin a kammala layin dogo mai kilomita 284 da aka ƙaddamar a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi, jirgi ya iso Jibiya da kaya ba a san ƙa'idar da za a wuce da su ba.